Darasi: Rufe Ƙasar Lambu da Karisa Mai Yaɗo

Karisa mai yaɗo gajeruwar shuka ce mai ƙaya, wadda rassanta ke bin ƙasa maimakon su miƙe sama. Ganyenta kore ne shar, mai kauri da sheƙi, kuma ba ta kakkaɓe shi ko da rani. Tana yin farin fure mai ƙamshi, sannan ta yi jajayen 'ya'ya da ake ci. A ƙasashe masu zafi ana dasa ta ne don ta rufe filin da ba a so a bar shi fayau: gindin katanga, gangaren da ruwa ke zaizayewa, tsakiyar tagwayen hanya, ko gaban gida inda ciyawar ado za ta sha ruwa fiye da kima.

Ƙasar da aka bari ba rufi tana yin asara ta fuskoki da dama. Rana na ƙona samanta, danshi ya tsere da wuri. Ruwan sama idan ya sauko da ƙarfi yana daddaɓe ta, ya kwashe lallausan saman da ke ɗauke da taki ya yi gaba da shi. Iska kuma ta ɗebi ƙura ta watsa cikin gida. Abin da ya rage sai ciyawa ta mamaye. Shukar da ta shimfiɗu ta haɗe tana tare duk waɗannan a lokaci guda: ganye na karya ƙarfin ruwan sama, saiwa na riƙe ƙasa, inuwar da ke ƙarƙashi kuma na hana irin ciyawa samun hasken da zai tsiro. Amma sai ta haɗe tukuna, kuma aikin da ke tsakanin ranar dashe da ranar haɗewa shi ne mafi yawan abin da mai lambu ke bukatar ya sani.

Asalinta da danginta

Sunanta a kimiyyance Carissa macrocarpa. Asalinta gabar tekun Indiya ce ta kudu maso gabashin Afirka, musamman lardin Kwazulu-Natal da gabashin Kef a Afirka ta Kudu, har zuwa Mozambik. Zulu na kiran 'ya'yanta amatungulu. A can tana fitowa da kanta a kan tuddan yashi da bakin kurmin da ke gabar teku, inda iska mai gishiri ke kaɗawa dare da rana. Wannan ne ya sa ta jure yashi da gishiri da ƙarancin ruwa, abubuwan da ke kashe yawancin shuke-shuken ado.

A daji ba gajeruwa ba ce. Tana kai mita 4 ko fiye, ta yi duhu, ƙayarta kuma ta kai santimita 5, mai baki biyu kamar gwafa. Shi ya sa tun da daɗewa ake yin shinge da ita. Wani manomin lambu mai suna Theodore L. Mead ne ya kai ta Amurka a 1886, sannan a 1903 masanin tsirrai David Fairchild ya kwaso iri mai yawa daga lambun tsirrai na Durban, wanda aka kafa tun 1849. Daga nan ta bazu a Fulorida da Kalifoniya da Hawai, masu renon dashe kuma suka riƙa ware waɗanda suka fito gajeru ko masu kwanciya suna yawaita su.

Danginta ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Cizaki, wanda ke fitowa a daji yana yin ƙananan 'ya'ya masu baƙi-baƙi idan sun nuna, ɗan'uwanta ne na jini, jinsinsu ɗaya. Tumfafiya ma 'yar gidansu ce, ko da yake ta fi nisa. Alamar gidan ita ce farin ruwa mai danƙo da ke fita da zarar an karya ganye ko reshe.

Zaɓen iri

Nan ne kuskure mafi tsada ke faruwa. Karisa ƙarama a cikin leda duk kamanninsu ɗaya, doguwa da gajeruwa, sai bayan shekara guda ko biyu bambancin ke bayyana. Wanda ya dasa doguwa da niyyar rufe ƙasa zai wayi gari da kurmin ƙaya a ƙofar gida. Saboda haka a tambayi sunan irin, in da hali ma a ga uwar da aka yanko dashen daga jikinta.

Wadda aka fi sani wajen rufe ƙasa ita ce Green Carpet. Tsayinta santimita 30 zuwa 45, faɗinta kuwa ya kai mita ɗaya da ɗan ɗoriya, ganyenta ƙanana. Prostrata da Horizontalis sun ɗan fi ta tashi, suna kai kimanin santimita 60, kuma sun fi saurin miƙa rassa. Tuttle na kai santimita 60 zuwa 90, ita ce ta fi yawan fure da 'ya'ya a cikin gajerun. Akwai kuma Boxwood Beauty, dunƙulalliya marar ƙaya, wadda ba ta yaɗo sosai amma ta dace da bakin hanyar da mutane ke bi. Wanda 'ya'yan ne suka fi damunsa ya ɗauki Tuttle, ya haƙura da ɗan tsayin. Wanda yake son shimfiɗa ƙasa-ƙasa ya ɗauki Green Carpet, ya san cewa 'ya'yan da zai samu ba su taka kara sun karya ba.

Wurin da ya dace

Karisa ba ta da tsirfa game da ƙasa. Jigawa, tsakuwa, jar ƙasa, duk tana yi. Abu ɗaya ne ba ta yafewa: ruwa ya kwanta a gindinta. Saiwarta na ruɓewa a laka mai riƙe ruwa, kuma kafin ganye ya nuna alama aikin gama ya gama. Ana iya gwada wuri da sauƙi. A haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa da yamma. Idan da safe an tarar da ruwa a ciki, wurin bai dace ba sai an ɗaga shi, wato a tara ƙasa a yi tudu ko faffaɗar kunya, a gauraya da yashi mai tsakuwa, a dasa a kai.

Tana son rana, kuma a rana ta fi yin fure da 'ya'ya. A inuwa takan rayu amma rassa su yi tsawo, ganye ya yi tazara, ciyawa ta samu kafa. Sai dai inda zafin bazara ke wuce digiri 40, kamar hamadar Arizona inda ake dasa ta a gidaje, an fi sa ta wurin da ke samun hantsi da inuwar la'asar, domin ranar yamma da hucin bango na ƙona ganye. Duk mai lambun da ke yankin da bazara ke da irin wannan zafi ya kamata ya bi wannan ƙa'ida, ya zaɓi gabashin gini ko gefen inuwar bishiya marar duhu. Sanyi mai daskarar da ruwa ma yana yi mata illa ta gaske, musamman tana ƙarama.

Ba shukar da ake takawa ba ce. Kada a sa mai ƙaya kusa da inda yara ke wasa, ko bakin siririyar hanya inda riga da zane za su riƙa sarƙewa. A bar tazarar aƙalla rabin mita tsakanin inda ake sa ran za ta tsaya da bakin hanya. Haka nan yana da kyau a bar tsiri marar shuka tsakaninta da bangon ɗaki, domin duk shuka mai duhu maɓoya ce ga ɓera da maciji, kuma mai gida ya kamata ya iya ganin gindin bangonsa.

Samun dashe

Irin karisa na tsirowa cikin kimanin mako biyu, don haka mutum zai ɗauka shuka iri ce hanya mafi sauƙi. Ga mai son rufe ƙasa, ba hanya ba ce sam. Abin da ya tsiro daga iri ba lalle ya gaji uwa ba. Da yawa sukan koma dogayen asali, wasu ma ba sa 'ya'yan kirki. Gajarta da kwanciya hali ne da aka zaɓo, kuma ba ya tabbata sai ta hanyar reshe.

Yankan reshe a soka a ƙasa kai tsaye, yadda ake yi wa rogo, sau da yawa ba ya kamawa. Akwai wata dabara da masu renon dashe ke yi wadda ta fi ba da sakamako. Ana zaɓen ɗanyen reshe da ya fara ƙwari, a tsaga shi da wuƙa mai kaifi har rabin kaurinsa, a lanƙwasa shi ya yi reto a jikin uwar ba tare da ya rabu ba. Ana barinsa haka kimanin wata biyu. A wannan lokaci bakin ciwon yakan kumbura ya yi wani farin tsiro mai tauri, wanda daga shi saiwa za ta fito. Sai a ƙarasa yanke shi, a dasa a yashi mai danshi a inuwa marar duhu. Cikin wata guda yakan yi saiwa.

Ga mai yaɗo akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi, tunda rassan dama a ƙasa suke. A zaɓi reshe mai tsawo, a cire ganyen tsakiyarsa, a ɗan kankare ɓawon ta ƙasa, a tona ɗan rami mai zurfin yatsa, a kwantar da wurin da aka kankare a ciki, a rufe da ƙasa, a danne da dutse. Kan reshen ya kasance a waje yana kallon sama. A riƙa yayyafa ruwa kada wurin ya bushe. Bayan wata biyu zuwa uku a ɗan ja reshen a hankali. Idan ya turje, ya yi saiwa. Sai a yanke shi daga uwar, a bar shi a wurin mako biyu ya saba da cin gashin kansa, sannan a cire shi da ƙasarsa. Da uwa uku ko huɗu mai haƙuri zai iya tara dashen da zai rufe fili babba ba tare da ya sake sayen ko ɗaya ba.

Sharar fili da dasawa

Kafin dashe a kawar da ciyawa gaba ɗaya, musamman masu yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa irin su kiri-kiri da ayaya. Noma samansu da fartanya ba ya kashe su, sai an bi saiwar da ƙwayar an tsince. Dabara mai kyau ita ce a share, a ba filin ruwa, a jira mako biyu abin da ya ɓuya ya fito, a sake cirewa. Wannan jira ba ɓata lokaci ba ne. Kiri-kirin da ya shiga tsakanin rassa masu ƙaya ba ya fita kuma, sai dai a tumɓuke shukar duka.

Lokacin dashe shi ne farkon damina, bayan ruwa ya zauna. Tazara tsakanin gindi da gindi ta kasance santimita 90 zuwa mita ɗaya. Lissafin ba wuya: fili mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3 murabba'in mita 12 ne, zai ci gindi 12 a tazarar mita ɗaya. Kada a jera su layi bisa layi. Gindin layi na biyu ya faɗa daidai tsakanin biyu na layin farko, ta haka gibin ke saurin cikewa. Matse tazara na sa a rufe da wuri, amma daga baya rassa su hau kan juna, shimfiɗar ta yi tozo, iska ta kasa shiga.

Ramin ya ninka ledar dashe faɗi, amma zurfinsu ya zama ɗaya. A gauraya ƙasar da aka tono da ruɓaɓɓen takin gargajiya kamar cikin kwano ɗaya. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu na ƙona saiwa. A yage ledar, kada a fizgo dashen. Wuyan shukar ya tsaya daidai da saman ƙasa kamar yadda yake a leda, domin binne wuya na jawo ruɓa. A danna ƙasa da hannu, a ba da ruwa sosai nan take. A kan gangare a yi ɗan gurbi mai siffar rabin da'ira ta ƙasan kowane gindi don ya tare ruwa.

Daga nan a lulluɓe filin da ke tsakani da busasshiyar ciyawa marar iri, ko ɓawon gyaɗa, ko buntun shinkafa, kaurin yatsu uku. A bar tazarar tafin hannu kewaye da gindi. Inda gara ke da yawa a riƙa ɗaga rufin ana dubawa, ko a yi amfani da tsakuwa a maimakonsa.

Shekaru biyu na farko

Karisa ba ta da gaggawa. A watannin farko kamar ba ta motsi, alhali saiwa take kafawa. Makonnin farko tana bukatar ruwa duk bayan kwana biyu ko uku idan ba a yi ruwan sama ba. Da ta fara sabon toho sai a rage yawan zuwa, a ƙara yawan ruwan, domin ruwa mai ratsa ƙasa sau ɗaya a mako ya fi yayyafi kullum; shi ke jan saiwa zuwa ƙasa. Ranin farko shi ne mafi haɗari, kada a yi sakaci da shi. Bayan ta kafu tana iya jure fari mai tsawo, ko da yake ruwa jefi-jefi na sa ganye ya ci gaba da sheƙi. Inda hunturu ke zuwa da ƙura, a riƙa wanke ganyen da safe lokaci-lokaci.

Cirar ciyawa a wannan lokaci da hannu ake yi, tun tana ƙarama, kafin ta yi iri. Fartanya kusa da gindi na yanke saiwar sama da rassan da suka fara kama ƙasa. Taki kuwa kaɗan ya isa, sau ɗaya a farkon damina. Takin zamani mai yawan sinadarin naitirojin, irin su yuriya, na sa ta zuba dogayen rassa masu laushi, fure ya ragu, wato akasin abin da ake nema. Akasari a shekara ta biyu zuwa ta uku rassan maƙwabta ke gamuwa, daga nan ciyawa ta ja baya da kanta.

Aski

Ko a cikin irin da aka zaɓa, jefi-jefi wani reshe kan fito a miƙe, mai ƙarfi, da manyan ganye da doguwar ƙaya. Wannan komawa ce ga halin asali. Reshen ya fi sauran kuzari, kuma idan aka bar shi zai yi musu inuwa ya rinjaye su, cikin 'yan shekaru shimfiɗa ta koma kurmi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: da an gan shi a bi shi har inda ya fito a yanke a can. Datse kansa kawai na sa ya yi rassa biyu ko uku a madadin ɗaya.

Ban da wannan, askin da ake bukata shi ne na gefe, inda rassa suka hau hanya. An fi so a yanke reshe ɗaya-ɗaya da almakashin lambu, a ɗan shiga ciki yadda ganye zai rufe wurin yankan. Aske saman gaba ɗaya kamar shinge na kwashe furanni, domin a kan sababbin rassa suke fitowa, kuma yana barin ganye a yayyanke. Dole a sa safar hannu mai kauri da takalmi rufaffe. Farin ruwan na sa wasu ƙaiƙayi, a kiyaye shi daga ido, a wanke hannu bayan aiki. Rassan da aka yanke a kwashe su nan take, domin busasshiyar ƙaya a ƙasa ta fi ɗanya mugunta. Ledoji da takardun da iska ke kawowa sukan maƙale a cikin ƙayar. Doguwar sanda mai ƙugiya a baki ta isa a zaro su.

Ƙwari ba su cika damunta ba. Wani lokaci akan ga wasu ƙanana masu ɓawo manne a reshe da bayan ganye suna tsotsa, tare da baƙin danƙo da tururuwa na hawa da sauka. Ruwan sabulu ko na 'ya'yan darbejiya, a fesa da yamma, yakan wadatar idan an farga da wuri. Reshen da ya bushe daga kai a yanke shi har inda yake ɗanye. Idan kuwa gindi guda ya yi ruwan ɗorawa ya yanƙwane alhali ƙasa na jiƙe, matsalar ruwa ce ya yi yawa, ƙara mata ruwa ƙarasa ta ne.

Fure da 'ya'ya

Furen fari ne fat, mai kunnuwa biyar, ƙamshinsa ya fi tashi da dare. Dalili kuwa ƙwarin dare ne ke yi mata barbara a ƙasarta ta asali, wato manyan malam-buɗe-littafi masu yawon dare da wasu ƙananan ƙwari. Inda waɗannan suka yi ƙaranci shukar kan cika da fure amma 'ya'ya su yi wuya. Wani abin kuma, wasu gindin furanninsu aikin namiji kawai suke yi, ba sa ɗaukar 'ya'ya. Filin da aka cika da dashe daga uwa ɗaya tak yakan fuskanci wannan matsala. Maganinta shi ne a sa iri biyu a kusa da juna, misali gindin Tuttle biyu ko uku a bayan Green Carpet. Mai son tabbaci na iya ɗaukar garin fure da ɗan tsinke mai auduga daga wani gindi ya shafa a wani da sassafe.

A wuri mai ɗumi fure da ɗanye da nunanne kan haɗu a gindi ɗaya, don haka tsinka ake yi ɗaya-ɗaya, ba girbi ba. 'Ya'yan masu ɗan tsawo ne, santimita 2.5 zuwa 5. Sai sun yi ja mai duhu, sun ɗan yi laushi a yatsa, sannan ake cin su. Nunanne kaɗai ake ci. Ɗanye da ganye da saiwa ba abinci ba ne, a kuma koya wa yara haka. A ciki naman ja ne mai ɗigon farin ruwa, da 'yan ƙwayoyi masu faɗi waɗanda ba sa hana ci. Ɗanɗanon zaƙi-zaƙi ne da tsami, kuma suna da bitamin C mai yawa. Fatar siririya ce, ba sa jure matsi ko ajiya, shi ya sa ba a cika kai su kasuwa mai nisa ba.

Ana cin su haka nan, ana kuma dafa su da sukari a yi jam. Wajen dahuwa a guji tukunyar alminiyom saboda tsamin, a sa wuta kaɗan-kaɗan. Farin ruwan yakan taru ya yi zobe mai danƙo a bakin tukunya, wanda ruwa da sabulu ba sa fitarwa. A shafa masa man gyaɗa da tsumma ko takarda, ya narke ya fita, sannan a wanke tukunyar kamar kullum.